Tukwicin Mai Gona: Abin da Ya Sa Maharban Ingila Ke Kai wa Manoma Kyauta da Kirsimeti

Idan watan Disamba ya kai tsakiya a ƙauyukan Ingila, rana takan faɗi tun ƙarfe huɗu na yamma ba ta yi ba. Ɗari ya sauka, gonaki sun jiƙe sharkaf, an shigar da shanu cikin rumfuna. A kwanakin nan ne maharba da yawa sukan kulle bindigoginsu a gida, su ɗauki ɗan ƙunshi a hannu, su nufi gidajen manoma. Wani ya riƙo kwalba, wani gwangwanin biskit, wani kuwa cinyar barewa wadda ya gyara tsaf. Suna zuwa ne su gai da mutanen da suka ba su izinin yin harbi a gonakinsu cikin shekara.

Mai karatu yana iya yin mamaki. Maharbin nan shi ne ya kashe wa manomi tsuntsaye da zomayen da ke cinye masa amfanin gona. Da harsashinsa ya yi, da man motarsa, ba a biya shi ko kwabo ba. Ashe ba manomi ne ya kamata ya kai masa kyauta ba? Tambaya ce mai kyau, su Turawan ma da kansu sukan yi gardama a kanta. Kafin mu amsa, bari mu fara duba yadda ƙasa da doka suke a can.

A Ingila babu dajin da ba shi da mai shi

Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙasar Birtaniya gonaki ne da wuraren kiwo. Gona guda, in an yi lissafin tsaka-tsaki, ta ɗan haura hekta 80, watau eka 200. Kowane fili da mai shi, kowane kurmi da mai shi, kowane rafi da mai shi. Mutum ba shi da inda zai rataya bindiga ya ce ya tafi dawa farauta. Duk inda ya sa ƙafa, ƙasar wani ce.

Dokokin farauta kuwa tun da can masu tsanani ne. A 1671 majalisarsu ta yi doka cewa sai mai ƙasar da ke kawo masa aƙalla fam 100 a shekara ne ke da ikon harbin naman farauta. Talaka ba shi da rabo ke nan. A 1723 aka ƙara wata doka wadda ta yanke hukuncin kisa a kan wanda aka kama ya ɓad da kama, yana riƙe da makami, yana farautar barewa a dajin masu ƙasa. Ba a soke ta ba sai 1823. Dokar 1828 ta ce wanda aka kama sau uku yana satar farauta da dare ana iya korarsa daga ƙasar har shekara 7, a zamanin da ake kwasar fursunoni zuwa Ostireliya. Sai a 1831 aka cire sharaɗin mallakar ƙasa. Duk da haka manomi mai haya ya ci gaba da kallon zomaye suna cin alkamarsa ba shi da ikon taɓa su, gama mai ƙasa ya keɓe wa kansa farautar. A 1880 ne aka yi dokar da ta ba kowane mai noma ikon kashe zomaye a gonar da yake nomawa, da ikon ya ba mutum ɗaya izini a rubuce ya harbe su da bindiga.

Yau ba a kashe kowa saboda barewa, amma tushen bai sake ba. Bisa ga dokar bindigogi ta 1968, wanda ya shiga filin wani da bindiga ba da izini ba ya yi laifi, ko da bindigar iska ce, ko da babu harsashi a cikinta. Ana iya ɗaure shi har wata 3, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu. Saboda haka kalmar nan "izini" tana da nauyi ƙwarai a bakin maharbin Ingila. In ka ji ya ce yana da izini uku, yana nufin gonaki uku ne waɗanda masu su suka yarda ya shiga.

Me ya sa manomi yake bukatar maharbi?

Babbar abokiyar gāban manomin hatsi a can wata irin hasbiya ce, ƙatuwa, mai farin tabo a wuya. An ƙiyasta akwai ma'auratanta fiye da miliyan 5 a Birtaniya. Da hunturu takan sauka garke-garke a kan wani tsiro dangin kabeji mai furen rawaya, wanda ake matse mai daga ƙwayarsa kamar yadda ake yi da riɗi. Takan aske ganyen har ƙasa. Da lokacin shuka ta bi irin wake da na sha'ir, da kaka kuma ta faɗa wa alkamar da iska ta kwantar. Wanda ya taɓa tsaron jan-baki a gonar gero ya san irin wannan baƙin ciki. Manoma sukan kafa mutum-mutumi, su ɗaga tutoci, su ajiye wata na'urar gas mai tsawa kamar bindiga. Amma tsuntsu yakan saba da waɗannan cikin 'yan kwanaki. Abin da ba ya sabawa da shi shi ne mutum a ɓoye cikin shinge da bindiga.

Sai zomo, irin mai haƙa rami yana zama jama'a-jama'a. A 1953 wata annoba ta shiga zomayen Birtaniya ta kashe wajen 99 cikin 100, amma daga baya suka sake yaɗuwa. Dokar 1954 ta ɗora wa mai noma a Ingila da Wales nauyin rage zomayen da ke filinsa, ko ya hana su ƙetarawa gonar maƙwabci. Watau aikin ya zama tilas a kansa, ko yana da lokaci ko ba shi da shi.

Akwai kuma yanyawa, ja, wadda ta fi tamu girma. Tana ɗaukar kaji da 'yan tumaki sababbin haihuwa. Tun Fabrairu 2005 aka hana farautarta da garken karnuka a Ingila da Wales, don haka nauyin ya ƙara komawa kan mai bindiga wanda zai fita da dare. Barewa iri shida ke yawo a dazukan ƙasar, biyu kaɗai ne 'yan asali, sauran shigo da su aka yi. Suna cin ƙananan itatuwan da aka dasa, suna tattake hatsi. Ga hankaki, ga ɓeraye a rumbuna.

Manomin Ingila kuwa ba shi da gayya. Gona mai eka 200 ko 300 sau da dama mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, shi da matarsa ko ɗansa, da tarakta. Yawancin masu gonakin sun manyanta, rabinsu sun kai shekara 60 ko sun kusa. Wanda ya tatsi shanu tun asuba ba zai kwana a fili yana jiran yanyawa ba. Don haka maharbi mai aminci taimako ne na gaske.

Amma a lura, ba a harbin tsuntsu yadda aka ga dama. Dokar 1981 ta kāre dukan tsuntsayen daji. Ana harbin hasbiya da hankaka ne a ƙarƙashin wani lasin na bai-ɗaya da gwamnati ke fitarwa, domin hana babbar ɓarna ga amfanin gona da dabbobi, kuma sai mai gona ko wanda ya ba izini. A watan Afrilu 2019 wata ƙungiyar masu kāre namun daji mai suna Wild Justice ta kai ƙara, hukumar da ke ba da lasin a Ingila ta janye uku daga cikinsu farat ɗaya, ana tsakiyar shuka da haihuwar tumaki. Sai daga baya aka fitar da sababbi. A makonnin nan manoma da yawa suka ga da idonsu amfanin mutumin da ke zuwa musu da bindiga.

Me ya sa maharbi yake bukatar manomi?

A Ingila da Wales 'yan sanda ne ke ba da lasin bindiga, kuma ana sabunta shi duk shekara 5. Lasin iri biyu ne. Na ɗaya na bindigar harbin tsuntsu ne, mai watsa ƙananan ƙwayoyin darma. A 2023 masu irin wannan lasin sun kai wajen rabin miliyan. Na biyu na bindiga mai cin nisa ne, mai harsashi guda, wadda ake harbin yanyawa da barewa da ita. Wannan ba a ba mutum sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Ga mai farauta kuwa, dalilin shi ne filin da aka ba shi izini. 'Yan sanda sukan nemi sunan gonar, su tuntuɓi mai ita, wani lokaci ma su je su duba ko filin ya dace da irin bindigar da ake nema.

To, kun ga inda maganar ta nufa. Idan manomi ya janye izininsa, maharbi ya rasa wurin zuwa, kuma in ba shi da wani fili, yana iya rasa dalilin riƙe bindigar ranar da zai sabunta lasinsa. Sa hannun manomi a takarda guda shi ne ginshiƙin da abin duka ya tsaya a kai.

Ban da haka, masu nema sun fi gonaki yawa. Mutum yakan ƙwanƙwasa ƙofa goma ko ashirin kafin a ce masa to. Akwai kuma masu zuwa da kuɗi. Wasu 'yan kasuwa sukan yi hayar ikon harbi a gonaki da yawa, sa'an nan su kawo baƙi su biya su kuɗin yini. Ƙungiyoyin abokai sukan haɗa kuɗi su yi hayar daji domin barewa. Harbin wani tsuntsu mai kama da zabo, mai dogon wutsiya, wanda suke kira fezan, yakan ci wa mutum ɗaruruwan fam a yini guda. Manomin da ya bar wani ma'aikaci ko makanike yana shiga gonarsa kyauta, sau da dama ya ƙi kuɗin wani ne domin ya riƙe shi.

Kasadar da mai gona ya ɗauka

A nan ne amsar tambayarmu take. Ka yi tunani, ɗan'uwa: baƙo ya zo ƙofarka, ba danginka ba ne, ba ɗan garinku ba ne, ya ce ka bar shi ya riƙa yawo da bindiga a inda 'ya'yanka ke wasa, inda tumakinka ke kiwo, wani lokaci ma da tsakar dare. Me za ka ce masa?

Harsashin bindiga mai cin nisa yana iya wuce mil guda in bai sami tudu ya tare shi ba. Gonakin Ingila da Wales kuwa cike suke da hanyoyin ƙafa waɗanda doka ta ba kowa ikon bi, tsawonsu ya kai wajen mil 140,000. Ana iya samun mai yawo da kare a bayan kowane shinge. In aka bar ƙyaure a buɗe, shanu su fita kan titi, mota ta buge su, manomi ne za a nema. In aka tuƙa mota a kan jiƙaƙƙen fili, an lalata shuka. In aka zubar da kwanson harsashi na roba, saniya tana iya haɗiye shi. Takalmin da ya taka wata gona yana iya ɗauko cuta. Manoman Birtaniya ba su manta da 2001 ba, shekarar da ciwon baki da kofato ya sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6. In kuma aka harbi abin da doka ta hana, ko aka tsorata dokin maƙwabci, sunan mai gona ne ke ɓaci a ƙauye, gama maharbi ya koma birni, shi kuwa yana nan.

Saboda wannan ne yawancin manoma sukan nemi maharbi ya nuna takardar inshora. Babbar ƙungiyar maharba ta ƙasar, BASC, wadda aka kafa a 1908 kuma ta ɗauki wannan suna a 1981, tana ba 'ya'yanta inshorar da ta kai fam miliyan 10 in sun jawo wa wani hasara. Amma inshora kuɗi take biya, ba ta ta da matacce, ba ta kuma gyara zumuncin maƙwabta.

To, a auna. Maharbi ya kawo lokacinsa da harsashinsa, amma abin da yake so ne yake yi, ya sha iska, ya koma gida da nama. Manomi ya sami sauƙin ɓarna, amma ya sa gidansa da dabbobinsa da sunansa a hannun wani. Dukansu sun amfana, cuɗe ni in cuɗe ka ne. Sai dai ɗaya mai gida ne, ɗaya baƙo. Ko da baƙo ya share tsakar gida ya ɗebo ruwa, shi ne ke yin godiya ran da zai tafi. Kyautar Kirsimeti ba kuɗin harbi ba ce. Da kuɗin harbi ne, da kwalba guda ba ta isa ba. Ma'anarta ita ce: na san gonar nan taka ce, na san alheri ka yi mini, ina roƙon mu ci gaba baɗi. Yaba kyauta tukwici.

Me ya sa da Kirsimeti?

Dalili na fari tsohuwar al'ada ce. A Ingila an raba shekara gida huɗu domin biyan haya da sabunta yarjejeniya: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba, da 25 ga Disamba. A zamanin da, manomi mai haya in ya zo biyan kuɗin gona yakan haɗa da ɗan abin hannu ga mai ƙasa, kamar dinya a watan Satumba ko ƙosasshen zakara da Kirsimeti, domin a sabunta masa haya cikin daɗin rai. Maharbi na yau sawun wannan manomi yake bi, sai dai yanzu manomi ne a mazaunin mai ƙasa.

Dalili na biyu shi ne washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, wadda suke kira ranar akwati. A ranar ce masu gida kan ba barori da masu yi musu hidima cikin shekara ɗan akwatin kyauta ko kuɗi. Ta zama ranar hutu a hukumance a 1871. Har yau mutane da yawa a can sukan ba mai kawo wasiƙa da mai kwashe shara wani abu a ƙarshen shekara. Lokaci ne da kowa ke tuna wanda ya yi masa alheri, kamar yadda ya dace da bikin da ake tunawa da kyautar Allah ga 'yan adam.

Dalili na uku yana cikin doka. Dokar nan ta 1831 ta hana harbin naman farauta, irin su fezan da makwarwa, ran Lahadi da ranar Kirsimeti a Ingila da Wales, kuma tana nan har yanzu. Hasbiya da zomon rami ba sa cikin hanin, amma maharbi mai hankali ba ya tayar wa mutane da ƙarar bindiga a irin wannan rana. Lokaci ne na zuwa hannu ba makami.

Me ake kaiwa?

Abin da aka fi sani a can shi ne kwalbar barasa, musamman wiski. Amma ba kowane gida ake sha ba. A Wales da Kwanwal, inda ikkilisiyar Methodist ta yi ƙarfi, an daɗe da gidajen da giya ba ta shiga. Wani kuma likita ne ya hana shi. Kai wa irin wannan mutum kwalba ya nuna shekara guda kana shiga gonarsa ba ka san shi ba. Don haka tsofaffin maharba sukan ce a sa ido tun da wuri, ko a tambayi wani na gidan.

Ga abubuwan da aka saba kaiwa:

1. Gwangwanin biskit ko na cakulan, wanda dukan gida za su ci, har da yara da ma'aikata.

2. Kwandon kayan marmari na biki: cuku, zuma, ganyen shayi, kek. Wannan ya fi dacewa da babbar gona inda mutum ya daɗe.

3. Nama daga abin da aka harba a gonar, amma gyararre. Fezan biyu a fige a wanke, ko cinyar barewa a yanke a naɗe. Kada a jibge wa uwargida tsuntsu da gashinsa ana jibi biki, gama aiki aka kawo mata. Kada kuma a kai wa mai kiwon tumaki naman rago.

4. Furanni ko wani abu na musamman domin uwargida. Masu wayo ba sa manta wannan. A gonaki da yawa ita ce ke riƙe da littafin kuɗi, ita ke amsa waya, ita ce kuma haushin karnuka ke tayarwa in maharbi ya shigo da dare. In ta ce mutumin nan ya ishe ta, izini ya ƙare.

5. Kayan aiki na sanyi: safar hannu, hula, tocila, wuƙar aljihu.

6. Katin gaisuwa da aka rubuta da hannu, da lambar waya a ciki. Ko ba a iya komai ba, a iya wannan.

Akwai kuma waɗanda ba su da gonar amma maganarsu tana da nauyi: mai kula da shanu, direban tarakta, da mai tsaron tsuntsayen farauta in akwai shi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma a Ingila haya ce, kuma sau da dama mai ƙasa yakan riƙe ikon harbin fezan da barewa a hannunsa, ya bar wa ɗan haya zomo da hasbiya kawai. Tilas maharbi ya san wa ke da ikon ba shi me, ya kuma gai da kowa gwargwadon matsayinsa.

Kuɗi fa? Yawanci ba a ba da su. In kuɗi suka shiga, zumunci ya koma ciniki, ciniki kuwa na wanda ya fi tayi ne. Haka nan ba a son kyauta mai tsada ainun. Takan sa mai karɓa jin nauyi, ko ya yi zaton ana so a ɗaure masa baki ne kada ya yi faɗa in an yi masa laifi.

Yadda ake kaiwa

Zumunta a ƙafa take. Ba a aikawa ta gidan waya, mutum da kansa yake zuwa, 'yan kwanaki kafin bikin. Ya zaɓi lokacin da ba a tatsa, ba a ba dabbobi abinci, gama saniya ba ta san Kirsimeti ba, ranar ma sai an tatse ta. Mai kiwon talo-talo kuwa watan Disamba ne kakarsa, ba shi da lokacin hira. Idan an ce ya shigo ya sha shayi, ya cire takalmi a ƙofa ya shiga. In ya ga ana cikin aiki, ya miƙa, ya yi godiya, ya tafi. Ba ranar roƙon ƙarin fili ba ce, ba kuma ranar neman izini wa aboki ba ce.

Zaman shan shayin nan yana da amfani fiye da yadda ake zato. A nan ne maharbi kan faɗi abin da ya kashe cikin shekara, manomi kuma ya faɗa masa inda zai shuka me baɗi, da filin da ba ya so a taka. In akwai ƙorafi, a nan yake fitowa tun bai zama gaba ba. Akwai kuma wani abu. Noma a can aikin kaɗaici ne. A 2021 wata tsohuwar ƙungiyar taimakon manoma mai suna RABI, wadda aka kafa a 1860, ta tambayi mutanen gona fiye da 15,000 a Ingila da Wales. Ta tarar 36 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa. Mutumin da ke yini shi kaɗai a cikin tarakta, wanda ya zauna ya saurare shi rabin sa'a ya ba shi abin da ya fi biskit.

Abin da kyauta ba ta gyarawa

Kada wani ya ɗauka kwalba guda a Disamba tana wanke laifin wata goma sha ɗaya. Manoma sun fi kula da halin mutum cikin shekara. Suna son wanda zai sanar kafin ya zo, ya ajiye mota inda aka nuna masa, ya bar kowane ƙyaure yadda ya same shi, ya tsince kwanson harsashinsa, kada ya zo da baƙo ba da sani ba. Fiye da kome, suna son wanda in an kira shi an ce hasbiya ta sauka, zai zo cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ana ruwa. Maharbin da ba a ganinsa sai rana mai daɗi, wani zai gaje wurinsa.

Suna kuma son mai ido. Maharbi yana zagaya lungunan da mai gona kan yi mako bai leƙa ba. Shi zai ga tunkiya ta faɗi rigingine ta kasa tashi, ya ta da ita. Shi zai ga waya ta tsinke, ko bututun ruwa ya fashe, ko baƙuwar mota tana leƙen rumfar kayan aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama kamfanin inshorar manoma NFU Mutual ya ƙiyasta cewa sata da ɓarna a karkarar Birtaniya sun ci fam miliyan 52.8 a 2023. Wasu maharba kuma sukan ba da sana'arsu: mai walda ya gyara ƙyaure, mai aikin lantarki ya duba waya, mai ƙarfi ya taya ɗaukar ciyawa da kaka. Irin wannan mutum, kyautarsa ta Kirsimeti hatimi ce kawai a kan wasiƙar da ya riga ya rubuta.

Abin da ya shafe mu

Dokokinmu da dazukanmu dabam suke da na Ingila, amma wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu bayan girbi. Kowa ya san damin nan bai kai kuɗin haya ba. Shaida ce cewa gonar tana da mai ita, domin kada shekaru su wuce a wayi gari ana gardama. Haka makiyayi da manomi suka daɗe suna yi: shanu su ci kara su bar taki, ƙwaryar nono ta shiga gida, damin dawa ya fita. Inda aka daina irin wannan gaisuwa, aka fara shiga ba sallama, mun ga abin da ya biyo baya.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin shekara ta ƙare kowa ya zauna ya lissafta. Gonar wa kake ratsawa zuwa taka? A filin wa kake ɗaure awakinka, ko kake yin itace, ko kake kafa tarko, ko ka rataya amya? Rijiyar wa iyalinka ke ɗiba? Ka tashi ka je da ƙafarka. In kaza ce da kai, ka kai kaza. In mudun gyaɗa ne, ka kai mudu. In ba ka da kome, ka kai gaisuwa, ka tambaye shi ko akwai abin da ka yi cikin shekara wanda bai ji daɗinsa ba, ka kuma saurari amsar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya kai mu bikin lafiya, ya ba mu damina mai albarka.